FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa ƙungiyoyin kula da tsofaffi da nakasassu a Ostareliya suke ta haɗewa

A ranar 1 ga Nuwamba, 2025, sabuwar dokar kula da tsofaffi ta fara aiki a ƙasar Ostareliya, tare da sabon shirin tallafa wa tsoho yana zaune a gidansa, mai suna Support at Home. Tun 1 ga Yuli gwamnati ta so farawa, amma ta ɗage da wata huɗu bayan ƙungiyoyin da za su aiwatar da shirin sun yi ta kokawa cewa ba su kimtsa ba. Wannan yana cikin jerin sauye-sauyen da aka shafe fiye da shekara goma ana yi wa hanyar da gwamnatin ƙasar take biyan kuɗin kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman.

A tsawon waɗannan shekaru akwai abin da ke faruwa a gefe, wanda ba kasafai yake hawa shafin farko na jaridu ba. Ƙungiyoyin jinƙai da ke aika ma'aikata gida-gida domin yi wa tsoho wanka, ko wanke masa gyambo, ko raka nakasasshe kasuwa, suna ta narkewa cikin juna. Sunayen da suka shekara hamsin, wasu ma fiye da ɗari, a jikin motoci da ƙofofin ofisoshi sun ɓace, an maye gurbinsu da sababbi. Shugabannin ƙungiyoyin kan kira abin haɗin gwiwa domin inganta aiki. Wanda ya bi sawun kuɗin kuwa zai tarar da cewa da yawa daga cikin waɗannan aurarraki sun fi kama da auren dole, kuma sabon tsarin biyan kuɗi ne waliyyin da ya ɗaura su.

Yadda ake biya a da

Galibin waɗannan ƙungiyoyi ba gwamnati ce ta kafa su ba. Silver Chain ta yammacin ƙasar ta samo asali ne a 1905 daga shafin yara na jaridar Western Mail, inda yara ke ba da sule ɗaya domin taimakon marasa galihu. Ƙungiyar ma'aikatan jinya masu bi gida-gida ta birnin Melbon, wadda daga baya aka sani da RDNS, ta fara a 1885 a unguwannin talakawa. Wasu majami'u ne suka kafa su, wasu tsofaffin sojoji, wasu kuma iyayen yara nakasassu da suka ƙi yarda a kulle 'ya'yansu a manyan gidajen gwamnati. Daga baya ne gwamnati ta shigo da kuɗinta, musamman bayan 1985 da aka ƙirƙiro shirin kulawa a gida da cikin unguwa, wanda tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa.

Tsarin biyan mai sauƙi ne. Gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiya, ta ba ta kuɗi a dunƙule tun kafin a yi aikin, ƙungiyar kuma ta yi alkawarin kula da mutanen wani yanki. Ƙungiya ta san abin da zai shigo mata a shekara, ta ɗauki ma'aikata gwargwadonsa. In kuɗin wani aiki ya yi rara, sai ta toshe giɓin wani da shi.

Ƙungiyoyi sun ji daɗin wannan tsari, amma mai buƙata ne ya sha wahalarsa. Kuɗin na ƙungiya ne, don haka ita ke yanke wanda za a taimaka wa, da ranar da ma'aikaci zai zo, da irin aikin da zai yi. Wanda bai gamsu ba ba shi da wurin zuwa, domin in ya bar ƙungiyar ya bar gurbinsa ke nan, sai ya koma ƙarshen layi. Mutum biyu masu nakasa iri ɗaya kan sami taimako mabambanci ƙwarai saboda kawai jiharsu ba ɗaya ba ce, ko kuma saboda ɗaya haɗarin mota ne ya nakasa shi, inshora ta biya, ɗayan kuwa da nakasar aka haife shi. A 2011 hukumar da ke ba gwamnatin ƙasar shawara kan tattalin arziki ta fitar da rahoton da ya ce tsarin kula da nakasassu ba shi da isasshen kuɗi, ba shi da adalci, a warwatse yake, kuma akwai ɓarna a cikinsa. Ya kamata a riƙe wannan a zuci, domin masu kukan abin da sauyin ya haifar sukan manta cewa nakasassu da iyalansu ne suka yi gangamin neman sa.

Kuɗi ya koma bin mutum

Amsar da aka bayar ita ce shirin inshorar nakasa na ƙasa, NDIS. Majalisa ta amince da dokarsa a Maris 2013 a zamanin Firaminista Julia Gillard, aka fara gwajinsa a wasu yankuna a Yulin shekarar, sannan aka soma faɗaɗa shi ga ƙasa baki ɗaya daga Yulin 2016. Domin samar da wani ɓangare na kuɗinsa, an ƙara harajin lafiya da ake cira daga kuɗin shigar jama'a daga kashi 1.5 zuwa kashi 2 cikin ɗari. A ƙarƙashin shirin, ana tantance buƙatar kowane mutum, a ware masa kasonsa da sunansa, shi kuma ya zaɓi wanda zai yi masa hidima. Ƙungiya ba ta ganin ko sisi sai ta yi aikin ta tura takardar neman biya, kuma ba za ta wuce iyakar farashin da hukumar shirin ta ƙayyade wa kowace awa ba. A yau mutane fiye da 700,000 ne ke cikin shirin, kuɗin da yake ci a shekara kuma ya haura dalar Ostareliya biliyan 40.

Ɓangaren tsofaffi ya bi wannan sawu daki-daki. Daga Yulin 2015 tsohon da ke da kunshin kulawa a gida ya sami ikon sanin yadda ake kashe kuɗinsa. Daga 27 ga Fabrairu, 2017, kunshin ya zama nasa, yana iya ɗauke shi daga wannan ƙungiya ya kai wa waccan. A 2021 aka daina biyan kuɗin kunshin tun kafin aiki, aka koma biya bayan aiki, kuma abin da aka yi kaɗai ake biya. A Janairun 2023 aka ƙayyade abin da ƙungiya za ta iya yanka daga kunshin: kashi 20 cikin ɗari na tsara kulawa, kashi 15 na gudanarwa. Shirin Support at Home ya sake matse wannan, ya mayar da kuɗin tsara kulawa kashi 10, ya soke kuɗin gudanarwa na daban, ya ce a zuba shi cikin farashin kowace hidima. A farkonsa, a 2025, ya kuma raba hidimomi gida uku: aikin jinya gwamnati ce ke biya gaba ɗaya, taimakon wanka da sa tufafi da makamantansu tsoho na ba da nasa kaso daga kashi 5 zuwa 50 gwargwadon ƙarfinsa, shara da girki da gyaran lambu kuwa kasonsa na iya kaiwa kashi 80.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa. An sha samun rahotannin ƙungiyoyin da ke lamushe kaso mai tsoka na kunshin tsoho da sunan gudanarwa. Sai dai idan aka tara matakan wuri guda, sakamakonsu shi ne an mayar da ƙungiyar jinƙai ɗan kasuwa mai sayar da awa, a kasuwar da mai saye ɗaya ne ke yanka farashi.

Lissafin da ke durƙusar da ƙaramar ƙungiya

Abu na farko da ke kama ƙaramar ƙungiya a wuya shi ne kuɗin juyawa. A tsohon tsari kuɗi ne ke riga albashi zuwa. A sabon tsari albashi ne ke riga kuɗi: ana biyan ma'aikata duk mako biyu, sannan a jira gwamnati ta tantance takardu ta biya. Ƙungiyar da ba ta taɓa tara ajiya ba, domin tsohon tsarin bai ƙarfafa tara ta ba, sai ta wayi gari tana buƙatar jarin da zai riƙe ta makonni. Tangarɗa kaɗan a na'urar biyan kuɗi ta isa ta jefa ta cikin bashi. Hakan ya faru a tsakiyar 2016, lokacin da sabuwar manhajar biyan kuɗi ta NDIS ta sami matsala, ƙungiyoyi da dama suka shafe makonni ba a biya su ba.

Sai kuɗaɗen da ba su san babba ko ƙarami ba. Manhajar da za ta tsara wa kowane ma'aikaci gidan da zai je da lokacin da zai isa, ta lissafa mintunan da ya yi, ta haɗa takardar neman biya daidai da dokar gwamnati, tana da tsada ko mutum 80 ake yi wa hidima ko 8,000. Haka kuɗin masu binciken inganci da ke zuwa duba ƙungiya kafin a sabunta mata rajista, da inshora, da akawun da ya san ƙa'idojin da ke canzawa kusan kowace shekara. Babbar ƙungiya tana raba wannan nauyi kan dubban awanni, ya zama 'yan kwabbai a kan kowace awa. Ƙarama kuwa tana raba shi kan 'yan ɗaruruwa, ga shi kuma farashin awa ɗaya ne aka yanka musu su duka.

Dokokin sa ido su ma sun ƙaru, kuma da dalili. Hukumar bincike ta musamman da aka kafa a 2018 kan ingancin kula da tsofaffi ta sa wa rahotonta na wucin gadi suna da kalma ɗaya mai nufin sakaci, sannan a 2021 ta miƙa shawarwari 148. Takwararta da ta binciki cin zarafin nakasassu ta miƙa shawarwari 222 a 2023. Abin da aka bankaɗo ya sa ba mai iya cewa a sassauta sa ido. Amma kowace sabuwar ƙa'ida tana zuwa da fom ɗinta da horonta da ma'aikacin da zai cike ta, kuma a ƙaramar ƙungiya wannan ma'aikacin sau da yawa shi ne manajan da ke tsara aiki, shi ne kuma ke ɗaukar waya in an kira da dare. Sabuwar dokar ta 2024 ta ɗora wa 'yan kwamitin amintattu alhaki a wuyansu su da kansu. Ɗan fanshon da ke zaman kwamiti kyauta don taimakon garinsu dole ya sake tunani kafin ya karɓi irin wannan kaya.

Akwai kuma batun ma'aikata, wanda shi ne ya fi cin kuɗi. Daga Yulin 2022 dokar ƙwadago ta wajabta biyan ma'aikacin kulawa a gida aƙalla kuɗin awa biyu duk lokacin da aka kira shi aiki. Tsohuwar da ke buƙatar wankan minti 45 kuwa kuɗin minti 45 za a cire daga kunshinta. Ƙungiyar da ke da mutum goma a unguwa ɗaya za ta jera su, ma'aikaci ya fita daga wannan gida ya faɗa wancan. Wadda ke da mutum ɗaya a wannan ƙauye, ɗaya a wancan, ita ce za ta ci asarar tazarar. A 2023 hukumar ƙwadago ta ƙara wa masu kula da tsofaffi kashi 15 cikin ɗari na albashi, abin da suka daɗe da cancanta, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin ƙarin. Duk da haka ƙarancin ma'aikata bai kau ba, kuma mai iya ba da cikakken aikin mako da damar ƙarin girma shi ke janye su.

A ɓangaren nakasassu matsin daga sama da ƙasa yake zuwa. Mutumin da ke riƙe da kasonsa da kansa, ko ta hannun wakili, yana da damar ɗaukar ma'aikacin da ba shi da rajista da hukumar sa ido. Dandalin intanet irin su Mable suna haɗa mai buƙata da ma'aikaci mai zaman kansa kai-tsaye. Irin wannan ma'aikaci ba ya biyan masu binciken inganci, ba shi da ofis, kuma yakan zaɓi aiki mai sauƙi. Masu buƙata mai tsanani, waɗanda sai an tanadi ma'aikata biyu ko ƙwararre, su ne ke saura a hannun ƙungiyoyi masu rajista. Binciken shekara-shekara na National Disability Services, uwar ƙungiyar masu hidimar nakasassu, ya nuna a 2024 cewa kimanin rabin waɗanda suka amsa tambayoyinsa asara suka tafka a shekarar kuɗin da ta gabata.

Su wa suka haɗe

Silver Chain ce ta yi sammako, ta haɗe da RDNS ta jihar Ostareliya ta Kudu a 2011. A 2015 RDNS ta Melbon ta haɗe da RSL Care ta jihar Kwinsland, wadda ta faro a 1938 da kula da tsofaffin sojoji. Ɗaya ta ƙware a jinya gida-gida, ɗaya tana da gidajen tsofaffi da filaye. A 2017 suka ajiye sunayensu biyu suka ɗauki Bolton Clarke, daga sunayen wasu jagorori biyu na tarihinsu. Ba ta tsaya nan ba, ta sayi kamfanin Allity a 2022 da McKenzie a 2023, ta zama cikin mafiya girma a ƙasar.

Majami'u ma sun tattara nasu. Anglicare ta birnin Sidni ta haɗe da Anglican Retirement Villages a 2016. Cocin Uniting ta dunƙule ƙungiyoyinta fiye da ashirin na jihohin Biktoriya da Tasmaniya suka zama guda a 2017. 'Yan Baftis sun haɗa ƙungiyarsu ta New South Wales da ta yammacin ƙasar a 2023, sannan a 2025 na Biktoriya da Tasmaniya da Ostareliya ta Kudu suka shigo.

Labarin da ya fi nuna abin da ake ajiyewa a bakin ƙofa shi ne na Aruma. Lionel Watts, wanda cutar shan inna ta nakasa a 1956, ya sha neman aiki ana juya masa baya, sai ya kafa ƙungiyar da aka sani da House with No Steps a 1962, sunan da ke nufin gidan da ba matakala, wato gidan da mai keken guragu zai shiga ba tare da an ɗauke shi ba. A Melbon kuma ɗan jarida Bill Tipping, wanda shi kansa uba ne ga yaro nakasasshe, ya fallasa halin ƙunci da yara ke ciki a gidan gwamnati na Kew Cottages a 1953, aka kafa gidauniya da sunansa a 1970. A 2018 ƙungiyoyin biyu suka haɗe, a 2019 suka koma Aruma. Kowane daga cikin tsofaffin sunayen yana ɗauke da tarihin wata gwagwarmaya.  Ko a Geelong, garin da hedikwatar hukumar NDIS take, kuma ɗaya daga wuraren da aka fara gwajin shirin, Karingal da iyayen yara nakasassu suka kafa ta haɗe da St Laurence suka zama genU.

Gwamnatocin jihohi sun ƙara wa abin gudu ta hanyar janye hannunsu daga aikin. New South Wales ta sayar wa Australian Unity hukumarta ta kulawa a gida kan dala miliyan 114, cinikin da aka kammala a 2016, tare da ma'aikata kusan 4,000 da mutane kimanin 50,000 da ake yi wa hidima. Biktoriya ta miƙa gidajen nakasassu da take gudanarwa ga ƙungiyoyi biyar a 2019. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya ko shiga irin wannan takara, don haka duk ƙungiyar da ke son rabo sai ta fara neman girma.

Haɗewar da ba mai karɓar kuɗi

Masu karatu a Nijeriya za su tuna 2004, lokacin da Gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ɗaga jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 kafin ƙarshen 2005. Kamannin a fili yake: hukuma ta sauya ƙa'ida, ƙanana suka nemi inuwar manya. Bambancin shi ne banki yana da masu hannun jari da za a biya ko a ba su sabon kaso. Ƙungiyar jinƙai ba ta da mai ita. Ba a sayen ta, ba kuma wanda ke fita da riba. Doka ta ce dukiyarta sai dai ta koma ga wata ƙungiyar mai manufa irin tata.

Saboda haka hanyoyin kaɗan ne. Ko ƙarama ta miƙa kadarorinta da ma'aikatanta da kwangilolinta ga babba sannan ta rushe kanta, ko ta ci gaba da zama da sunanta amma babbar ta zama ita kaɗai ce mamba mai ikon naɗa kwamitinta, ko kuma a kafa sabuwa su biyun su shiga. Tunda ba farashi ake tayawa ba, abin da ake ja-in-ja a kai shi ne wane ne zai zama shugaba, kujera nawa kowane ɓangare zai samu a kwamiti, wane suna zai rayu, da kuma ina za a ajiye hedikwata. Binciken da cibiyar daraktocin kamfanoni ta ƙasar ke yi duk shekara ya sha nuna cewa, a shekarun da ake faɗaɗa NDIS, kusan kashi ɗaya cikin uku na daraktocin ƙungiyoyin sa-kai sun tattauna batun haɗewa a kwamitocinsu. Waɗanda suka kai ga ɗaura auren ba su kai haka ba, kuma sau da yawa a kan kujera da suna maganar ke watsewa.

Akwai wani abu da takardun sanarwa ba sa faɗa. Gidan da mutanen wani gari suka gina da kuɗin gidauniya da gwanjon kaya da wasiyyar mamata, da zarar an haɗe ya shiga littafin kadarorin ƙungiyar da kwamitinta ke zama a wani birni mai nisa. In wata rana lissafi ya nuna reshen ba ya biyan kansa, waɗanda suka gina shi ba su da ƙuri'ar hana rufe shi.

Abin da girma bai warware ba

Hujjar masu haɗewa ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wasu fannoni gaskiyarsu ce. Babbar ƙungiya tana iya ɗaukar ƙwararrun jinya, ta horar da ma'aikata, ta aiko da wani in mai zuwa kullum ya kwanta rashin lafiya, ta jure jinkirin biya na wata guda ba tare da albashi ya tsaya ba. Ga mutumin da ƙungiyarsa ke dab da rufewa, haɗewa ta fi masa wayar gari ba mai zuwa.

To amma girma ba ya sauya farashin awa. In farashin bai kai abin da aikin ke ci ba, yawan awanni yawan asara ne. Disability Services Australia ba ƙaramar ƙungiya ba ce, tana da ma'aikata fiye da dubu a New South Wales, amma a Agustan 2021 ta miƙa ragamarta ga masu kula da kamfanonin da bashi ya ci ƙarfinsu, kafin ƙarshen shekarar ƙungiyar Scope ta Biktoriya ta karɓe ta. Haɗewar kanta ma tana cin kuɗi: lauyoyi, sauya manhaja, daidaita albashin ma'aikatan ɓangarori biyu, sabon tambari a jikin kowace mota. Ribar da aka yi hasashe takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, in ta bayyana.

Sannan akwai saɓani a zuciyar tsarin baki ɗaya. An kawo sauyin ne da alkawarin bai wa mutum zaɓi. A Sidni da Melbon zaɓin ya samu, har ya yi yawa. A garuruwan karkara kuwa, inda tafiya tsakanin gida da gida ke cin awa guda, kasuwa ba ta kawo kowa ba, kuma ƙungiya ɗaya tilo da ke wurin ita ce tsarin ya fi matsa wa. Rahoton bitar NDIS da Bruce Bonyhady da Lisa Paul suka jagoranta, wanda ya fito a Disamban 2023, ya amince cewa a yankuna masu nisa da garuruwan 'yan asalin ƙasar mutane na riƙe da kaso a takarda ba tare da samun wanda za su kashe shi a wurinsa ba. Ya ba da shawarar gwamnati ta riƙa ƙulla yarjejeniya kai-tsaye da masu hidima a irin waɗannan wurare, abin da bai yi nisa da tsohon tsarin da aka gudo daga gare shi ba.

Harshe ma yana cikin abin da ke iya salwanta. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na 'yan ƙasar da suka haura shekara 65 a wata ƙasa aka haife su. Girkawa da Italiyawa da sauran baƙi sun kafa ƙungiyoyinsu, irin su Fronditha Care da Co.As.It., domin tsohon da ciwon mantuwa ya kama yakan manta Turancin da ya koya da girma ya koma harshen uwa. Waɗannan biyun sun yi ƙarfin da za su tsaya da ƙafarsu. Ƙananan takwarorinsu na al'ummomin da ba su da yawa su ne ke cikin haɗari, domin manhajar tsara aiki ta babbar ƙungiya tana duba wane ma'aikaci ne ya fi kusa, ba lallai ta duba wane ne ke jin yaren tsohuwar ba. Haka 'yan sa-kai masu kai abinci gida-gida: mutum kan ba da ranar Asabar ɗinsa kyauta ga ƙungiyar garinsu, amma ba dole ya ba wa mai kasafin ɗaruruwan miliyoyi ba.

Abin da ya faru a Biktoriya a 2022 ya nuna inda igiyar kan tsinke. A can ƙananan hukumomi ne suka daɗe suna gudanar da hidimar tsofaffi a gida. Ganin sauyin da ke tafe, da yawansu suka janye, ciki har da Boroondara da Mornington Peninsula, aka miƙa mutanensu ga manyan ƙungiyoyi. Jaridun Melbon sun ruwaito tsofaffi da dama sun shafe makonni ba mai zuwa yi musu shara ko wanka, saboda sunayen sun koma sabon hannu amma ma'aikatan ba su bi su ba.

Babban gwajin yana nan gaba. Shirin tallafin gida na matakin farko, CHSP, wanda ke kai abinci da sufuri da 'yar shara ga tsofaffi fiye da 800,000 ta hannun ƙungiyoyi sama da dubu, har yanzu da tallafin yarjejeniya yake tafiya, ko da yake tun Yulin 2022 galibin masu hidimarsa bayan aiki ake biyan su. A nan ne ƙananan ƙungiyoyin unguwa suka fi yawa. Gwamnati ta ce ba za a shigar da shi cikin Support at Home kafin 1 ga Yuli, 2027 ba. A ɗaya ɓangaren kuma, a Afrilun 2023 shugabannin tarayya da na jihohi suka amince a rage saurin ƙaruwar kuɗin NDIS zuwa kashi 8 cikin ɗari a shekara, matakin da ke nufin ba a sa ran sassauci a farashin awa nan kusa.